Yadda Ƙwararren Ɗan Besbol Ke Tunkarar Bugu, Mataki-Mataki

Tun da gajerun bidiyon besbol na Amurka da Japan suka fara yawo a wayoyi, tambayar da masu karatu suka fi yi mini ita ce: ta yaya mutum ke samun ƙwallon da ke tahowa da gudun kilomita 150 a awa da sanda siririya haka, kuma mai son koya ta ina zai fara? Ga amsar daki-daki, bisa tsarin da ƙwararrun 'yan wasa ke bi.

Ka riƙe lissafi ɗaya kafin komai. Tsakanin inda mai jifa ke tsayawa da faifan gida, wato farantin da ke ƙasa wanda mai bugu ke tsayawa a gefensa, mita 18.44 ne. Jifa mai gudun kilomita 153 a awa yana cinye wannan tazara cikin kusan daƙiƙa 0.4, kaɗa sandar kanta kuma tana ɗaukar kusan 0.15. Ɗan abin da ya rage, a cikinsa ne za ka gane irin jifan, ka yanke shawarar bugu ko bari. Shi ya sa wanda ke cin bugu (wato ya buga ƙwallo ya isa zango ba a fitar da shi ba) sau 3 cikin 10 a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, tauraro ne, kuma rabon da a sami wanda ya kai 4 cikin 10 a kaka guda tun 1941, lokacin da Ted Williams ya yi .406, wato 406 cikin 1,000. A wurin ƙwararre, ƙarfin damtse ne abu na ƙarshe. Zaɓen ƙwallon da za a buga, da isa gare ta a kan lokaci, su ne sana'ar.

1. Haɗa kayan aiki

Abu huɗu ne dole: sanda, hular kwano, turken ɗora ƙwallo, da ƙwallaye. Raga da safar bugu suna iya biyo baya.

Ƙwararru da sandar itace kawai suke wasa, yawanci ta icen mapul. Doka ta ce kada tsawonta ya wuce santimita 107, kaurinta kuma kada ya wuce 6.6, amma akasarinsu suna riƙe mai tsawon santimita 84 zuwa 86, nauyi kusan giram 900. A Amurka sandar itace irin tasu tana kaiwa dala 100 zuwa 200, ta atisaye kuma ana samu ƙasa da dala 60. Ta ƙarfe, wadda 'yan makaranta ke amfani da ita, ta fi tsada idan mai kyau ce, sai dai ba ta karyewa. Hular kwano kusan dala 30 zuwa 60, turke daga dala 30 zuwa 100. Wanda zai yi odarsu daga waje ya ƙara kuɗin dako a kai, don haka ya fara leƙa kayan gwanjo tukuna.

Wajen auna tsawo, ɗora gindin sandar a tsakiyar ƙirjinka, ka miƙa ta gefe tare da hannunka. Idan yatsunka sun taɓo ƙarshenta, ta yi maka daidai. Wajen nauyi, ɗaga ta da hannu ɗaya a miƙe. Idan hannun ya fara rawa kafin rabin minti, ta fi ƙarfinka.

Hattara: kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne sayen sanda mai nauyi don ƙwallo ta yi nisa. Sanda mai nauyi makara take jawowa, wanda ya makara kuwa bai buga komai ba.

Gargaɗi: kada ka tsaya gaban jifa babu hular kwano mai rufe kunnen da ke fuskantar mai jifa, ko da wasa ne. Ƙwallon tana da nauyin giram 142 zuwa 149 kuma tauri ne da ita. A 1920 jifa ya sami Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland a ka, washegari ya rasu. Hular da ta tsage, ko a gwanjo aka ba ka kyauta, ka bar ta.

2. Riƙon sanda

Idan da dama kake bugu, hannun hagu ne a ƙasa kusa da dunƙulen gindin sanda, na dama a samansa, suna haɗe babu tazara. Bahago ya juya. Sandar ta kwanta a gindin yatsu, kada ta nutse cikin tafi, gaɓoɓin tsakiya na yatsun hannu biyun kuma su kusa yin layi ɗaya. Riƙon ya zama sako-sako har sai lokacin haɗuwa da ƙwallo. Mai matse sanda tun farko wuyan hannunsa ƙagewa yake yi.

Idan ta itace ce, tambarin kamfani ya kalli sama ko ƙasa lokacin haɗuwa, domin an buga shi ne a gefen da itacen ya fi rauni.

Hattara: wasu suna sauke hannu har dunƙulen ya shiga cikin tafi don ƙarin ƙarfi. Akwai wani ɗan ƙashi a gindin tafin hannu da ke karyewa ta wannan hanya, kuma rauni ne da ke kai ƙwararru ɗakin tiyata.

3. Tsayuwa

Gurbin mai bugu faɗinsa mita 1.22 ne, tsawonsa 1.83. Ƙwararru da yawa suna tsayawa a can ƙarshen baya don su sami ƙarin lokacin kallon ƙwallo. Buɗe ƙafafu su ɗan fi faɗin kafaɗu, ka sassauta gwiwoyi, nauyi ya sauka a gaban tafin ƙafa. Hannaye su tsaya kusa da kafaɗar baya. Juyo da kai sosai har idanu biyu su ga mai jifa. Sannan ka miƙa sandar ka taɓa gefen faifan da ya fi nisa da kai, wanda faɗinsa santimita 43 ne. In ba ta kai ba, matso.

Za ka ga ƙwararru da tsayuwa iri-iri, wani a tsugune, wani a miƙe, wani sanda can sama. Kada wannan ya ruɗe ka. Idan ƙafar gaba ta sauka, kusan dukkansu siffa ɗaya suke komawa.

4. Jerin motsin bugu

Nan ne aikin yake, kuma jerin ba ya canzawa.

Da farko ja baya. Da zarar mai jifa ya ɗaga ƙafa, ka mayar da nauyinka kan cinyar baya, hannaye su ɗan koma baya. A hankali ake yin wannan, kuma da wuri.

Sai taku. Ƙafar gaba ta yi ɗan gajeren taku kai tsaye wajen mai jifa, ta sauka a hankali. Dole ta sauka kafin ƙwallo ta yi rabin hanya. Hannaye suna nan a baya ba su motsa ba. Wannan rabuwa tsakanin ƙafar da ta yi gaba da hannun da ya tsaya baya ita ce ke ɗaure jiki ta tara ƙarfi.

Sai juyi. Diddigen gaba ya dira, ƙugu ya fara juyawa, ƙirji ya bi, hannaye su zo a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san naushin da ke kayar da mutum daga ƙugu yake tasowa, hannu isar da shi kawai yake yi. Haka bugun yake. Gwiwar hannun baya ta sauko kusa da haƙarƙari, gindin sanda ya yi gaba, kaurinta ya biyo baya.

Lokacin haɗuwa, tafin hannun sama yana kallon sama, na ƙasa yana kallon ƙasa, ƙafar gaba ta miƙe ta tokare, kai bai motsa ba. Wurin da ya fi daɗin bugu a jikin sanda yana kusan santimita 15 daga ƙarshenta. In ka samu a nan, ba za ka ji komai a hannu ba. In ka samu kusa da hannu ko a can baki, girgizar za ta gaya maka, kuma a nan ne sandar itace ke karyewa.

Bayan haɗuwa ka bar sandar ta ƙarasa zagayenta. Idan ka gama kana tangaɗi, akwai abin da ya ɓaci tun a taku.

Hattara: kurakurai uku ne ke kashe bugu. Taku zuwa gefe saboda tsoron ƙwallo, wanda ke sa ka kasa kaiwa ga jifan waje, wato wanda ya bi ta gefen faifan da ya fi nisa da kai. Buɗe kafaɗar gaba da wuri, wanda ke janye kai da ido daga ƙwallo. Da kuma miƙe hannaye tun farko, sandar ta yi dogon zagaye. Na ukun ya fi yawa a wurin masu ƙarfin jiki, domin ƙarfin yana rufa musu asiri a gaban jifa mai sanyi, sai sun haɗu da mai gudu abin ya fito.

5. Atisaye a kan turke, sannan jifa

Mutane suna raina turke, suna ganin na yara ne. Manyan 'yan wasan da ke karɓar miliyoyin daloli da shi suke fara aiki kusan kullum, domin ƙwallon da ke zaune ba ta ɓoye kuskure.

Wurin ajiye turken yana da muhimmanci. Jifan da ya zo ta kusa da jikinka, a gabanka ake tarar sa, don haka turken ya wuce ƙafar gaba. Na tsakiya, daidai ƙafar gaba bayan taku. Na waje, ka bar shi ya shigo ciki, turken ya koma baya kaɗan, ka buga ƙwallon zuwa ɗaya gefen filin. Ka yi kowanne a sama, tsakiya da ƙasa, wuri 9 ke nan. Abin nema shi ne ƙwallo ta tafi a miƙe da ƙarfi, ba ta bi ƙasa ba, ba ta tashi sama ba. Bugu 5 ko 6 ka tsaya ka huta. Bugu 40 da hankali sun fi 200 na gajiya, domin jikin da ya gaji mummunan motsi yake haddacewa.

Idan turke ya zauna, wani ya durƙusa a gefe yana cillo maka ƙwallo a hankali. Bayan wannan, ya koma gabanka, mita 5 ko 6, yana cillowa ta ƙasa. Sai a ƙarshe jifan sama daga cikakkiyar tazara. Kada ka tsallake mataki.

Gargaɗi: duk mai cillo ƙwallo daga gaba dole ya kasance bayan raga mai ƙarfi. Ƙwallon da ƙwararre ya buga tana iya fita da gudun da ya wuce kilomita 160 a awa, ko ta ɗan koyo ma ta isa ta fasa fuska. Kuma ka duba bayanka kafin kowace kaɗa sanda, musamman inda yara ke taruwa kallo.

Wanda ba shi da kuɗin duk wannan kada ya karaya. A Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ta fi kowace ƙasar waje tura 'yan wasa MLB, yara suna wani wasa mai suna bitiya: sandar tsintsiya da murfin robar babbar gorar ruwa. Murfin yana lanƙwasa a iska fiye da ƙwallo, sandar kuma siririya ce, don haka idon da ya saba da su ya sami horo na gaske. Turke ma ana iya haɗa shi da bututun ruwa na roba da guntun tiyo a sama.

6. Karanta jifa

Wannan ne ke raba ƙwararre da mai ƙarfi kawai. Idon mutum ba ya iya bin ƙwallo mai irin wannan gudu har zuwa jikin sanda. A 'yan mitocin farko ake ɗaukar labari, ƙwaƙwalwa ta ƙiyasta sauran.

Kada ka ƙura wa hannun mai jifa ido tun yana shiri, ido zai gaji. Ka kalli hularsa ko ƙirjinsa sako-sako, sai hannun ya taso ka mayar da ido daidai inda yake sakin ƙwallo. Kowane mai jifa yana da nasa wurin saki, kuma tun kana jiran layi ya kamata ka gano shi.

Ƙwallon tana da jan ɗinki 108, kuma juyin ɗinkin ne ke tona asirin jifa. Jifan gudu yana fitowa a miƙe, yana juyawa baya, kamar ba zai sauka ba. Mai lanƙwasa yakan ɗan yi tsalle sama daga hannu kafin ya faɗo, yana juyawa gaba. Mai zamewa yana kama da jifan gudu har kusan ƙarshe, sai ya goce gefe da ƙasa, kuma sau da yawa ana ganin ɗan jan ɗigo a jikinsa. Na yaudara ya fi wuya: hannu ya fito da gudu iri ɗaya, amma ƙwallon ta ragu da kusan kilomita 13 zuwa 16 a awa, sai ka tarar ka gama kaɗa sanda ba ta iso ba.

Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce ka shirya wa jifan gudu, ka daidaita idan mai sanyi ya zo. Wanda ya shirya wa mai sanyi ba zai taɓa cim ma mai gudu ba. Kuma shawarar da ke cikin kai tun farko ita ce "zan buga", sai ido ya ga ba ta yi ba a tsaya. Wanda ya jira ya tabbatar kafin ya fara motsi ya riga ya makara.

Atisayen wannan ba ya cin ko sisi. Sa hular kwano, ka tsaya a gurbi lokacin da mai jifa ke nasa atisaye, ka yi ja baya da taku, amma kada ka kaɗa sanda. Ka faɗi irin jifan da baki da zarar ka gane shi.

Gargaɗi: idan jifa ya nufo jikinka, juya wajen mai cafka, wanda ke tsugune bayan faifai yana cafke jifa, ka ba ƙwallon baya, ka sunkuyar da haɓa, ka sauke sanda ƙasa. Kada ka buɗe ƙirji, kada ka sa hannu ka tare. Ka koyi wannan da ƙwallon tanis har ya zama jiki.

7. Shirin ranar wasa

Wasan ƙarfe 7 na dare, ƙwararre yana fili tun da azahar. Yana duba bidiyon mai jifan ranar: me ya fi jefawa da farko, me yake jefawa idan ya shiga matsi, da me yake gama mutum. Tony Gwynn na San Diego yana cikin waɗanda suka fara naɗar kowane bugunsu a kaset suna nazari tun shekarun 1980, kuma ya lashe kambin bugu sau 8. Daga nan sai ɗumama jiki, turke, da atisayen fili da la'asar. Kai da ba ka da bidiyo, benci ne makarantarka: kalli yadda aka jefa wa waɗanda suka riga ka, ka tambayi wanda ya dawo abin da ya gani.

Hattara: kada ka kaɗa sanda da ƙarfi jiki bai ɗumama ba. Naman gefen ciki yana yagewa, kuma yana ɗaukar makonni kafin ya warke.

8. Wasa da lissafin bol da sitiraik

Akwai wata taga da ba a gani a saman faifai, daga ƙasan gwiwa zuwa tsakiyar ƙirji. Jifan da ya ratsa ta, ko wanda ka kai wa bugu ka kuskure, sitiraik ne, 3 sun fitar da kai. Wanda ya kauce mata kuma ka ƙyale, bol ne, 4 sun ba ka zangon farko kyauta, wato tasha ta farko da mai bugu ke rugawa gare ta. Ƙwallon da ka buga ta fita gefen layi ana lissafa ta sitiraik, amma ba ta zama na uku, sai dai in tare ta ka yi da sanda maimakon bugu.

Ƙwararre ba ya kallon tagar nan a matsayin abu ɗaya. Girmanta a wurinsa yana canzawa da lissafi. A jifan farko, ko idan yana da bol 2 babu sitiraik, ko bol 3 da sitiraik 1, mai jifa ne ke cikin matsi. A nan yana rage tagar ta koma ɗan wurin da ya fi ƙwarewa, yana jiran jifa iri ɗaya. In ba shi ya zo ba, ko da sitiraik ne, ya bar shi ya wuce. Wannan haƙuri yana da wuya, domin jiki yana son bugu, 'yan kallo suna ihu, amma buga jifan da mai jifa ya so ka buga kyauta ce ka ba shi. A ganina, matashin da ya koyi barin ƙwallo ya fi wanda ya koyi aika ta bayan katanga kusa da zama ɗan wasa.

Idan bol 3 ne babu sitiraik, dubi kocin da ke zango na uku. Sau da yawa alamar da zai ba ka ita ce kada ka buga.

Da sitiraik 2 kuwa, komai ya juya. Ɗaga hannu sama da dunƙulen da santimita 2 ko 3, ka rage taku, ka faɗaɗa tagar kaɗan, duk abin da ya yi kusa ka taɓa shi. Ko fitar da ita gefe ka yi, ka sayi wani jifan. Ɗaga hannu ba alamar rauni ba ce: Barry Bonds, wanda ya fi kowa yawan hom ron (bugun da ke aika ƙwallo bayan katanga) a tarihin MLB, haka yake riƙe sandarsa. Gwynn kuma sau 434 kacal aka fitar da shi da sitiraik a kaka 20.

Hattara: tun 2023 akwai agogon jifa a MLB. Dole mai bugu ya kasance cikin gurbi yana kallon mai jifa kafin agogo ya sauko daƙiƙa 8, in ba haka ba a rubuta masa sitiraik. Hutu ɗaya kawai yake da shi a kowane zuwa bugu. Saboda haka ka saba da gajeren shiri: numfashi ɗaya mai zurfi, ka tuna lissafi, ka shiga. Kuma kada ka yi jayayya da alƙali a kan bol da sitiraik, kora ce hukuncinta.

9. Gudu zuwa zangon farko

Mita 27.43 ne, kuma ƙwararru suna cinye shi cikin daƙiƙa 4 da ɗan ɗoriya. Saki sandar ƙasa, kada ka wurgar da ita baya inda mai cafka da alƙali suke. Idan ƙwallon ta bi ƙasa a cikin fili, kada ka tsaya kallonta. Ruga a miƙe, ka taka bakin zangon na gaba, ka wuce da gudunka, sannan ka rage, ka waiga dama ko jifansu ya kuɓuce. Doka ta yarda ka wuce zangon farko muddin ba ka nuna niyyar tafiya na biyu ba. Idan ƙwallon ta wuce can waje, ka ɗan buɗe dama kafin ka iso, ka taka kusurwar ciki, fuskarka na kallon zango na biyu.

Gargaɗi: kada ka yi sufa da hannu zuwa zangon farko. Yatsu da kafaɗa ne ke biyan kuɗin.

10. Bayan wasa

Kakar MLB wasa 162 ce, don haka babu wanda ba ya shiga kwanakin da bugu ke ƙi. Ka ajiye ɗan littafi. Bayan kowane wasa rubuta abu uku game da kowane zuwa: jifan da ka kai wa bugu yana cikin taga ko waje, ka iso a kan lokaci ko ka makara, ƙwallon ta fita da ƙarfi ko a'a. Bugu mai ƙarfi da ya faɗa hannun mai tsaro, ka rubuta shi a gefen nasara. Idan littafin ya nuna kana bin jifan waje, matsalar ido ce, koma mataki na 6. Idan makara ce, fara ja baya da wuri. Sai in duka biyun suna lafiya ne za ka taɓa motsin bugu, kuma abu ɗaya za ka gyara a lokaci guda, a kan turke.

Sandar itace ba ta son laima, ba ta son zafin cikin mota. Ichiro Suzuki, wanda ya ci bugu 262 a 2004, a cikin akwati mai tsotse danshi yake ajiye nasa. Kai ka jingine taka a tsaye a ɗaki busasshe. Kafin kowane atisaye ka ɗan buga gindinta a ƙasa mai tauri: idan ƙarar ta fito a dushe ko tana karkarwa, ta tsage a ciki, kada ka yi amfani da ita. Idan kuma hannunka ya yi bororo ya fashe, ajiye sanda kwana biyu, ka yi amfani da su wajen tsayawa a gurbi kana karanta jifa.